Daga Kakuri Zuwa Lugbe: Tarihin Fijo 504 da Sana'ar Tayar da Tsohuwar Mota



A 'yan shekarun nan matasanmu na yawan tura wa juna bidiyon tsofaffin motocin Amurka da aka tayar daga kwance. Za a nuno motar da ta shekara 50 a ajiye, tsatsa ta ci ƙasanta, ɓeraye sun yi gida a kujerunta. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai a nuno ta tana sheƙi, an sa mata sabon inji da sabon birki da na'urar sanyaya ciki, mai ita ya ɗebi iyalinsa sun kama hanya. Tambayar da kan biyo baya ita ce, mu fa, muna da irin wannan?

Muna da ita, kuma mun daɗe muna yi, sai dai mu larura ce ta koya mana. Motar da muka koyi aikin a kanta ita ce Fijo 504, wadda aka shafe kusan shekara 30 ana haɗawa a Kaduna. Dalilin wannan rubutu shi ne abubuwa biyu suna ƙarewa a gabanmu lokaci guda: su kansu motocin, waɗanda 'yan gwangwan ke yankawa suna sayarwa a kilo, da kuma dattawan kanikawan da suka san cikinta da bayanta. Za mu bi tarihin daga tushe, domin shi ne ke nuna yadda ya kamata a yi aikin.

Yadda abin ya faro a Amurka

Motocin da muke gani a bidiyon nan Amurkawa na kiransu da sunan da ke nufin mota mai ƙwanji. Galibi ana danganta farkon yayinsu da shekarar 1964, lokacin da kamfanin Pontiac ya ɗauki matsakaiciyar mota ya cusa mata ƙaton inji mai silinda 8, lita 6.4, mai ƙarfin doki 325, ya sa mata suna GTO. A watan Afrilun shekarar ne kuma Ford ya fito da Mustang. Daga nan kamfanoni suka shiga tsere, kowa na neman ya fi ɗan uwansa. Zuwa 1970 akwai Chevrolet Chevelle mai inji lita 7.4 da ƙarfin doki 450.

Ƙarfi kam akwai shi, amma sauran jikin motar bai tafi tare da injin ba. Da yawansu sun fito da birkin ganga a duka ƙafafu huɗu, wanda kan yi zafi ya daina kamawa idan an matsa masa. A miƙaƙƙiyar hanya ba a kamo su, a kwana kuwa sai addu'a. Man da suke sha kuma ba a magana.

Abubuwa uku ne suka kawo ƙarshen yayin. Kamfanonin inshora suka tsawwala kuɗi saboda yawan haɗari, gwamnati ta yi dokar tsaftar iska a 1970, sannan a watan Oktoba 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka hana sayar wa Amurka fetur. Cikin 'yan watanni farashin gangar ɗanyen mai ya tashi daga kusan dala 3 zuwa kusan dala 12. Jama'a suka koma ƙananan motoci, aka jingine masu ƙwanjin a bayan gida.

Da yaran wancan zamani suka girma suka samu abin hannu, sai suka koma neman motocin ƙuruciyarsu, kuma suka kasu gida biyu. Wasu na maido da motar daidai yadda ta fito daga masana'anta, har kan ƙusa, domin nuni da ajiya. Wasu kuwa suna barin siffar waje yadda take, su sabunta duk abin da ke ciki: inji na zamani, birkin faifai, giya mai hawa 5 ko 6, na'urar sanyi, kujeru masu daɗi, domin a hau ta kullum. Wannan kashi na biyu shi ne abin da muke magana a kai.

Man da ya kashe can, ya raya nan

Tashin farashin man 1973 da ya durƙusar da motocin Amurka shi ne ya cika baitulmalin Najeriya. Kwamitin Udoji ya miƙa rahotonsa a 1974, aka ƙara wa ma'aikata albashi, aka biya su ariyas. Malamin makaranta da akawun ofis da ba su taɓa tunanin mallakar mota ba suka fara zagayen shagunan dillalai.

Kafin nan an yi wani sauyi da ya share wa motocin Faransa hanya. Ranar 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta bar tuƙi a hannun hagu irin na Ingila, ta koma hannun dama kamar maƙwabtanmu Nijar da Kamaru da Dahomey ta wancan lokaci. Motoci masu sitiyari a hagu suka zama su ne daidai da hanyoyinmu.

A watan Disamba 1972 aka yi wa kamfanin Peugeot Automobile Nigeria rajista, wanda muka fi sani da PAN, haɗin gwiwar gwamnatin tarayya da kamfanin Peugeot na Faransa. Aka gina masana'antar a Kakuri, Kaduna, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a watan Maris 1975. Tana cikin jerin masana'antun haɗa motoci da gwamnati ta kafa a wancan zamani: Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, ANAMMCO a Inugu, Steyr a Bauchi, da ta manyan motocin Fiat a Kano. Saboda nisan Kaduna daga teku da cunkoson tashar jiragen ruwa ta Legas, an daɗe ana ɗauko sassan motocin ta jirgin sama daga Lyon zuwa filin jirgin Kano, daga can manyan motoci su kai su Kaduna a haɗa.

An fara da 404, sannan 504 ta karɓi fage. Bayan kisan Janar Murtala Muhammed ranar 13 ga Fabrairu 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta ɗauki manufar rage facaka, aka mai da 504 motar manyan jami'an gwamnati a maimakon Marsandi. Tun daga nan ta zama motar kwamishina da babban sakatare, motar 'yan sanda da ta asibiti, motar attajiri da ta kai amarya. A shekarun da masana'antar ke ganiyarta tana fitar da dubun-dubatar motoci a shekara.

Abin da ya sa ta dace da ƙasarmu

An fara nuna 504 a birnin Paris a 1968, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana siffarta, kuma a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara a Turai. Injinta na farko 1796cc ne, daga 1970 aka samu na 1971cc, wanda muke ce wa lita 2. Mai kafireto bai kai ƙarfin doki 100 ba. Idan aka jera ta da Chevelle ta Amurka, ko kashi ɗaya cikin huɗu ba ta kai ba.

Amma a hanyoyin Afirka ta yi abin da ya ba duniya mamaki. A 1975 Ove Andersson ɗan ƙasar Suwidin ya lashe tseren Safari na Kenya da 504, a shekarar kuma Hannu Mikkola ya lashe na Maroko da ita. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya sake lashe Safari da samfurin mai ƙofa biyu da inji mai silinda 6. Waɗannan tseren na dubban kilomita ne a cikin laka da ƙura da duwatsu, inda juriya ta fi gudu amfani.

Sirrin yana cikin daidaito. Ƙasanta na da tsayi daga hanya. Sifirin da shokozobanta na da doguwar tafiya, suna shanye rami kafin ya iso ga fasinja. Tayoyin baya ne ke tura ta, kuma farfelarta na cikin wani bututun ƙarfe mai kauri da ya haɗa giyabos da aksul, yana kare ta yana kuma riƙe komai a layi ɗaya. Kujerunta kuwa duk wanda ya taɓa yin Kano zuwa Maiduguri a cikinta zai ba da shaida. Babu wani sashe da ya fi ƙarfin ɗan uwansa: inji daidai birki, birki daidai nauyi.

Akwai kuma wani abu da ya fi komai muhimmanci ga tarihin gyara. Ramukan silindar injin ba a jikin bulok aka huda su ba, hannayen ƙarfe ne da ake zarewa a sa sababbi, waɗanda kanikawa ke kira silif. Inji ya gaji, sai a sayo saitin fistin da ringi da silif, a sauke shi a ƙarƙashin bishiya, cikin 'yan kwanaki ya dawo kamar sabo. Sarƙa ce ke juya lokacin injin, ba bel ba, kuma babu kwamfuta a jikinsa. Bakanike mai sifana da kunne mai kyau ya ishe shi.

Lokacin da larura ta zama makaranta

Farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo tsarin SAP, darajar naira ta zube, sassan da PAN ke shigowa da su suka yi tsada, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Ƙofa biyu suka rage wa mai neman abin hawa. Ta farko ita ce motocin hannu daga Turai, waɗanda ake ce wa tokumbo ko Beljiyam, masu sauka a Kwatano, wasu su shigo ta kudu, wasu su zagayo ta Maraɗi su faɗo Jibiya. Ta biyu ita ce mutum ya raya wadda yake da ita.

A wannan zamani ne sana'ar sake gina mota ta kafu sosai a Arewa. Kofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna suka zama rumbun kayan gyara, sabo da na hannu. Aikin ya rabu hannu-hannu: bakaniken inji, mai bugun bodi, mai walda, mai wayarin, mai fenti, mai ɗinkin kujeru. Mota ɗaya kan zagaya hannu shida kafin ta koma wurin mai ita. Direbobin haya su suka fi kowa cin moriyar abin. Fijo wagon mai layin kujeru 3 ita ce sarauniyar tasha, daga Kano zuwa Jos, daga Sakkwato zuwa Kaduna, a Nijar kuma daga Maraɗi zuwa Damagaram. A-kori-kura kuma ita ke kai hatsi da dabbobi kasuwannin ƙauye. Irin waɗannan motoci akan sauke injinsu sau da dama a rayuwarsu, a sauya ƙasan bodi, a ƙara wa ƙafar baya ƙarfi saboda lodi.

Ba mu kaɗai larura ta koya wa haka ba. A Kyuba, tun da Amurka ta ƙaƙaba mata takunkumi a farkon shekarun 1960, mutane suka riƙe motocin Amurka na shekarun 1950, suna sa musu injinan dizal na wasu kamfanoni, kuma har yau suna haya a Havana. A Senegal ma Fijo mai kujera 7 ta daɗe tana haɗa garuruwa. Bambancin waɗannan da na Amurka shi ne can abin sha'awa ne na mai hali, nan kuwa abincin gida ne.

A Faransa an daina ƙera 504 mai but tun 1983, a Kenya aka ci gaba har 2004, a Kaduna kuwa sai wajen 2006. Mun ga GL da GR da SR, daga baya kuma Bestline. A 2006 gwamnati ta sayar da mafi yawan hannun jarinta a PAN ga kamfanin ASD Motors, a 2012 hukumar AMCON ta karɓi ragamar kamfanin saboda bashi. Ma'anar wannan ga mai son gyara ita ce, 504 mafi ƙarancin shekaru a duniya a ƙasarmu suke.

Yadda ta iso Abuja da Lugbe

An kafa Babban Birnin Tarayya da dokar soja ta ranar 3 ga Fabrairu 1976, gwamnati ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba 1991. Ma'aikatu sun taso daga Legas da motocinsu na ofis, kuma galibinsu Fijo ne, 504 da ƙanwarta 505 wadda ta fito a 1979. Su ne suka yi ta safa tsakanin sakatariya da filin jirgi, ta gaban Lugbe, tun tana ƙauyen Gbagyi a gefen hanya, kafin rukunin gidajen Hukumar Gidaje ta Tarayya ya jawo jama'a ta zama garin da muke ciki yau.

A 2003 gwamnati ta kawo tsarin mai da alawus ɗin ma'aikata kuɗi a hannu, aka rage saya wa jami'ai motar ofis, aka yi gwanjon da yawa daga cikin waɗanda ke ƙasa. Wannan ya raba PAN da babban mai saye, ya kuma zuba Fijo masu yawa a hannun ma'aikata da direbobi da 'yan fansho. Irin mutanen nan su ne suka zauna a unguwannin hanyar filin jirgi, inda haya ta fi sauƙi. Shi ya sa har yanzu idan mutum ya shiga lungunan Lugbe da Tudun Wada da Kuchingoro, ko ya leƙa gareji a Apo, zai ci karo da 504 a kan duwatsu, taya ta sace, ƙura ta rufe gilashi. Wasunsu motocin gado ne, magada sun kasa sayarwa saboda kunyar mamaci, sun kuma kasa gyarawa saboda ba su san ta inda za su fara ba.

Tsarin aikin, bi da bi

Akwai motar da darajarta ke cikin barinta yadda take. Marsandin da aka harbi Murtala a ciki tana gidan tarihi na Onikan a Legas da ramukan harsasanta, ba mai taɓa ta. Wanda yake da 504 da ba a taɓa yi wa fenti ba, da kujerunta na asali da takardunta, ya yi tunani sosai kafin ya sauya mata komai. Sauran kuwa, waɗanda suka riga suka sha hannu, su ne suka dace a mai da su motar hawa ta yau da kullum.

Ana farawa da bodi. 504 mai but ba ta da shasi daban, jikin nata shi ne ƙashin bayanta. Saboda haka tsatsa a ƙasan ƙafar direba, ƙarƙashin ƙofofi, ƙasan but, gindin gilashi, da wuraren da ƙafafu ke kamawa, matsala ce ta rai, ba ta kwalliya kawai ba. A cire kujeru da shimfiɗa da inji, a kankare har sai an ga ƙarfe. Inda ya ruɓe a yanke a walda sabon ƙarfe. Mai bugun bodin da ya ce zai cike ramin tsatsa da fila, a gode masa a nemi wani. Motar da ta zauna a Kano ko Sakkwato ta fi wadda ta zauna a bakin teku lafiyar ƙarfe, kuma daminar Abuja ba ta raga wa motar da aka bari a fili.

Na biyu ƙafafu da sitiyari. Duk robar da ta shekara 20 ta mutu ko da ido bai gani ba. A sauya su gaba ɗaya, da shokozoba, a duba sifirin. A guji rage wa motar tsayi don yayi, domin tsayin nan shi ne rabin amfaninta a titunan cikin unguwa da ruwa ya zaizaye.

Na uku birki, kuma shi ake gamawa kafin a yi maganar ƙara ƙarfi. Sabon famfon birki, sababbin bututai da tiyo, faifai da takalmi masu kyau, sabon mai. Lissafin a bayyane yake: motar da ke gudun kilomita 140 a awa tana ɗauke da kusan ninki biyu na ƙarfin da birki zai kashe idan aka kwatanta da mai gudun 100. Taya ma a duba lambobi huɗun da ke gefenta, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta.

Na huɗu sanyaya inji da wayarin. Kan injin 504 na alminiyam ne, zafi ɗaya mai tsanani na iya lanƙwasa shi, ruwa ya haɗu da baƙin mai. Lagireto mai kauri, sabon famfon ruwa, da fankar lantarki suna da muhimmanci ga wanda zai tsaya a cunkoson safiya na hanyar shiga gari. Tsohon wayarin da hannu goma suka yi wa ɗori kuwa a zare shi duka a ja sabo da fis ɗinsa, domin yawancin gobarar tsofaffin motoci daga nan take tashi.

Maganar inji

Nan ne matasa suka fi zumuɗi, nan ne kuma aka fi asarar kuɗi. Hanya uku ce.

Ta farko a sake gina injin asali: silif, fistin, ringi, metal, a gyara kan inji, a wanke kafireto ko a sa sabo, a maye gurbin kwantak da na'urar tartsatsi ta lantarki. Wannan ya fi araha, kuma kowane tsohon bakanike zai iya duba ta ko a ina ta tsaya.

Ta biyu a ɗauko daga dangi. 505 ta gaji tsarin 504, don haka kayanta sun fi na kowace mota saukin zama. Giyabos mai hawa 5 kaɗai na sauya halin motar a babbar hanya, inji ya rage ihu, mai ya rage tafiya. A dangin akwai inji lita 2.2 na GTI mai ƙarfin doki kusan 130, da mai silinda 6 mai kusan 170, sai dai samun lafiyayyensu da kayan gyaransu yanzu sai an sha wuya.

Ta uku a sa injin wani kamfani, galibi na Japan, mai injekta. Yana tashi da bugu ɗaya, yana tsimin mai, kayansa na ko'ina. Amma bututun farfelar nan da muka yaba shi ne ke wahalar da wannan aiki, domin giyabos ɗin wata mota ba ya kama shi kai tsaye. Sai an ƙera mahaɗi, an sauya mazaunin inji, an ja wa kwamfutar injin wayarinta, an sa famfon mai mai matsi. Idan layin ya karkace ko da kaɗan ne, motar za ta riƙa kakkarwa tana cin kaya har abada. Garin gyaran gira kada a rasa ido.

Ko wacce aka zaɓa, darasin 1964 yana nan: ƙarfin da ya wuce birki da ƙafa haɗari ne. 504 ba ta da jakar iska, ba ta da birkin da ke hana taya kullewa. Iyakar gudun ƙaramar mota a babbar hanya kilomita 100 ne a awa, kuma dukkanmu mun san abin da gudu ke haifarwa a titin Umaru Musa Yar'Adua. Ƙarfin da ake nema shi ne wanda zai ja na'urar sanyi da mutum biyar da kaya ya hau tudu ba tare da inji ya galabaita ba.

Jin daɗi shi ne na ƙarshe. Tsofaffin na'urorin sanyi na aiki da iskar R12 wadda aka daina bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987, don haka sai a sa sabon kwamfireso da kayan da ke aiki da R134a. A shimfiɗa abin tare zafi da ƙara a ƙasa, a sauya robobin ƙofa da gilashi, a sa bel mai kyau gaba da baya. Kujeru kuwa a sabunta soso da yadi a kan ƙarfensu na asali, domin da wuya a samu waɗanda suka fi su. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, wasu na duba mai da mota mai aiki da iskar gas ta CNG. But ɗin 504 na da faɗin ɗaukar tulun, amma a je cibiyar da hukuma ta amince da ita, kada a kusanci tulun da aka yi wa walda a bakin hanya.

Takardu da kuɗi

Lambar inji da launin mota suna cikin takardunta. Wanda ya sauya ɗaya daga ciki ya riƙe rasiɗin sayen injin, ya je ofishin VIO a gyara takardu kafin ya hau titi. Motar gado kuma a daidaita da dukkan magada a rubuce kafin a kashe mata ko sisi, domin motar da ba mai kallo tana kan duwatsu, ranar da ta yi sheƙi kowa zai tuna yana da kaso.

A kuma faɗa wa kai gaskiya: aikin da aka yi da kyau na iya cin kuɗin da zai sayi tokumbo mai lafiya, kuma ba lallai a mayar da shi ba idan an tashi sayarwa. A raba aikin mataki-mataki, a biya kowane mataki bayan an gani da ido, a rubuta duk abin da aka cire da wanda aka sa. Yawancin motocin da suka mutu a gareji, kuɗin masu su ne ya ƙare a fenti da rim tun ba a taɓa birki ba.

Abin da ya rage gare mu

Yaron da ya shiga gareji yana ɗan shekara 15 a lokacin da aka buɗe Kakuri, yau ya haura 60. Su ne suka san saitin kafireto da kunne, suka san yadda ake zaunar da silif ba tare da ruwa ya zubo ba. Yaran garejin yanzu sun ƙware a na'urar gano matsala da injin injekta, abin da iyayen gidansu ba su saba da shi ba. Aikin da muka bayyana yana buƙatar hannayen nan biyu a kan mota ɗaya, kuma lokacin da za a iya haɗa su ba shi da yawa. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an same ta.

Shawararmu ga 'yan uwa guda uku ce. Mai tsohuwar Fijo a gida, kafin ya kira 'yan gwangwan, ya sanar da jama'a, wataƙila akwai mai so, ko a ƙalla a ceci gilashi da fitilu da dasbod da ƙofofi, waɗanda ba a ƙera su kuma. Wanda ba zai iya gyara yanzu ba ya ɗaga ta daga ƙasa, ya rufe ta daga ruwa, ya adana takardunta. Iyaye masu yara a gareji kuma su nemi dattijon da ya yi zamani da 504 su haɗa su, ko da na 'yan watanni ne.

Masu hotunan iyayensu da Fijo, ko masu sanin wani tsohon bakanike da har yanzu yake aiki a Lugbe, Apo ko Zuba, muna roƙon su taimaka da bayani domin masu niyyar wannan aiki su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Allah ya kiyaye mu a hanyoyinmu, ya sa albarka a sana'o'inmu.